Bikin da Ba a Gayyace Mu Ba

A unguwarmu akwai wani mai faci wanda ko ƙofar filin jirgi bai taɓa leƙawa ba, amma yana rantsuwa cewa ya san yawan jiragen da suka sauka a filin Malam Aminu Kano ranar Juma'a, 20 ga Agusta 2021, ranar da aka ɗaura auren Yusuf Buhari da Zahra, 'yar Sarkin Bichi na wancan lokaci, Nasiru Ado Bayero. Duk lokacin da ya ba da labarin sai jiragen sun ƙaru, kamar bashin mai shayi. In ka musa, ya ce, "Malam, kana wurin?" Shi ma dai ba ya wurin. Yana bakin titi yana hura taya.

Haka muke. Ɗan gayyar soɗi aƙalla yakan ci shinkafa. Mu kuwa daga waya muke halartar biki, da kuɗin datarmu, mu ƙirga akwatunan lefe, mu yi faɗa kan ɗaurin amarya, mu kwana da gaba da maƙwabci a kan auren mutanen da ba su san da zamanmu a duniya ba. Tun bikin Zahra Buhari da Ahmed Indimi a Disambar 2016 matan gidanmu suka rabu gida biyu, har yau ba a gama sulhu ba.

Maza kuma sai su ce ai su siyasar abin suke dubawa, wai ba gulma ba ce. A majalisarmu akwai mai tarihin 'ya'yan marigayi Umaru 'Yar'aduwa a ka: Zainab gidan gwamnan Kebbi na lokacin, Saidu Dakingari, Nafisa gidan gwamnan Bauchi Isa Yuguda a 2009, shekarar da angon ya bar ANPP ya koma PDP. Nan fa sai ya gyara hula, ya rage murya, ya yi ta fassara kamar shi ne waliyyi. Wannan bawan Allah, in ka tambaye shi ajin da 'yarsa take a makaranta, sai ya leƙa cikin gida ya tambayo.

Wanda ya fi kowa shan wahala tela ne. Biki ranar Asabar, Litinin an kawo masa hoto da yadi huɗu na atamfar kasuwar Kwari, a ce, "Irin wannan nake so, kada ka canja komai." Ya ɗinka, a sa, a duba madubi, a ce ya ɓata kaya.

Ƙanena ne ya so ya ci ribar abin. Da ya ji an ce sadakin Yusuf naira 500,000 ne, ya zauna ya yi lissafi: in ɗan shugaban ƙasa ya biya haka, shi mai sayar da katin waya ai nasa bai kamata ya wuce kuɗin buhun masara ba. Ya tura kawunmu da wannan hujja gidan surukai. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce, "Alhaji, mun yarda. Sai dai ku sanar da mu da wuri, mu sa yara su share fili, don mu san inda jiragenku za su sauka."

Kawu ya dawo a Adaidaita Sahu, kuma ni na biya kuɗin.