Fulogi Ne

Har yanzu takalmina na ƙafar hagu yana can gindin kududdufi, saboda haka duk mai shirin ce mini in ɗauki ƙaddara ya bari sai jibi. Jiya-jiyan nan abin ya faru.

Wata goma sha ɗaya na yi ina haɗa Bismarck, jirgin yaƙin Jamus ɗin nan da aka ƙera a Hamburg, Turawan Ingila suka ga bayansa a 1941. Na gaskiyar tsawonsa mita 251. Nawa an rage shi sau 200, ya tashi santimita 125, kusan tsayin autana. Ƙanena ne ya taho mini da shi daga waje, gutsattsarin roba cike da kwali. Kuɗin ba zan faɗa ba, don uwargida tana karanta duk abin da na rubuta. Na goge da samfefa, na shafa fenti ruwan toka a sama, ja a ciki. Na liƙa shingen tagulla siriri kamar gashin goshi, da hantsaki, ina riƙe da numfashi. Na sa injunan lantarki uku, farfela uku, da allunan juyi biyu a ƙarƙashin wutsiya, waɗanda su ne akalar jirgi. Ɗakunan igwa huɗu kuwa, Anton da Bruno da Caesar da Dora, ban sa musu gam ba. Zaunar da su kawai na yi a gurbinsu don su riƙa juyawa.

Har lissafi na yi, kada wani ya ɗauka da ka na yi aikin. Tsawo sau 200 ake ragewa, amma nauyi sai ka raba da 200 har sau uku, wato da miliyan 8. Tan 50,000 ya dawo kilo shida da ɗan ɗori. Na cike gibin da dalmar da na roƙo wajen masu gyaran taya, da wani batir mai nauyin bulo, na shimfiɗa su can ƙasan ciki. Na gwada a tankin masu buga bulo na bayan layinmu, jirgi ya zauna daidai kan baƙin layin da na ja masa. Sai dai tankin matsattse ne, gaba da baya kawai aka yi, ba a gwada kwana ba. Batirin kuma na ce gobe zan ɗaure shi.

Da la'asar muka isa wani tsohon ramin burji a bayan gari, wanda damina ta cika shi fal. Ni da autana da yayan matata, mutumin da wata goma sha ɗaya yake tambayata, “Malam, ya wasan yaran naka?” Shi na gayyato musamman. Na saka farar shadda. Kafin in sauke jirgin daga mota yara sun kewaye mu, ban san daga ina suka ɓullo ba. A gefe kuma ga wani dattijo, wando naɗe zuwa gwiwa, ya shigar da babur ɗinsa bakin ruwa yana wankewa da soso.

Minti biyun farko, wallahi ko sarki albarka. Jirgi ya tsaga ruwa a natse, kan nan nasa yana yanka 'yar igiyar ruwa gida biyu. Saurin da ya dace da shi bai wuce tafiyar mutum a ƙasa ba, don kilomita 55 a awa ɗin na gaskiyar in ka rage yadda masana suka ce, wajen kilomita 4 yake komawa. Yara suka yi tsit. Yayan matata ya ciro waya ya fara ɗauka. Na gyara hula.

Sai na karkata sandar rimot hagu. Jirgi ya bi hagu. Na saki sanda. Jirgi ya ci gaba da bin hagu.

Duk wanda ya karanta tarihin Bismarck ya san abin da ya kashe shi. Da yammacin 26 ga Mayu 1941 wasu tsofaffin jiragen sama masu fukafukai hawa biyu, Swordfish, suka taso daga kan Ark Royal, bam ɗinsu mai tafiya cikin ruwa ya same shi a wutsiya, allunan juyi suka maƙale a hagu. Ƙaton jirgi ya kama zagaye a tsakiyar teku har maƙiya suka cim masa da safe. To ni babu wanda ya harbe ni. Ga jirgina can tsakiyar kududdufi yana kewaya wani ganyen bado kamar jakin da aka ɗaure a turke.

“Fulogi ne,” in ji wata murya a kafaɗata.

Dattijon ne, soso a hannu yana ɗiga a kan shaddata.

“Baba, ba shi da fulogi. Da batir yake aiki.”

“Nawa ma akwai batir. Fulogi ne. Ka ga yadda yake cin gefe ɗaya?”

“Baba, abin juya shi ne ya maƙale.”

“To me ya maƙalar da shi?” Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda boko ya ɓata. “Shekara talatin ina kan babur, ɗana. Duk abin da ka ga ya ƙi jin magana, ka kwance fulogi ka hura.”

Wani saurayi ya ce in ɗaga rimot sama, sabis ne babu a wajen. Na ɗaga. Allah ya gani, na ɗaga, har da ɗage. Baba ya ce a bar batun sabis, in ja masa cok. Na ce babu cok. Ya tambaya direban yana ta ina. Na ce ni ne direban. Ya ce, “Af, to shi ya sa.”

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, yaro ma ya sani: in kashe injuna, in jira iska ta turo mini kayana bakin gaɓa. Amma Baba ya matso, ya dafa ni, ya rage murya kamar mai ba da laƙani.

“Ba shi wuta. In ya ji wuta zai saki.”

Ni da na karanta littattafai, ni da na raba tan 50,000 da miliyan 8, sai na ji wata zuciya tana ce mini ai maganar tsohon nan da hikima, in ruwa ya bugi allunan da ƙarfi wataƙila su kuɓuce. Na tura sandar wuta har ƙarshe.

Jirgin da ke shan kwana da gudu waje yake kwantawa, ba ciki ba. Wannan ma na sani. Farfela uku suka yi kuka, da'irar ta tsuke, jirgi ya jingina dama, jan cikinsa ya fara leƙowa. Sai na ji ƙwas. Daga tsakiyar ruwa, cikin hayaniyar yara, na ji shi sarai. Batirin da zan ɗaure gobe ne ya sulale ya daki bango.

Tun daren jiya sautin nan nake ji. In na rufe ido sai in ga abin a hankali, dalla-dalla. Ƙwas. Jirgi ya tsaya a karkace kamar mai tunanin ko ya fasa. Ruwa ya hau kan daɓen da na yi mako uku ina yi wa fenti, ya lashi shingen tagulla, ya sami bakin murfin da ban toshe da kyau ba. Sannan igwa suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Anton, tsulum. Bruno, tsulum. Caesar da Dora suka tafi tare. Na gaskiyar ma haka ya yi, don nauyinsu ne kawai ke riƙe da su, da ya kife suka zube, shi ya sa da Robert Ballard ya gano gawarsa a 1989 ramuka huɗu ya tarar a gurbinsu. Wuri ɗaya tak na saɓa wa tarihi: nasu ta hagu ya kife, nawa ta dama.

Ya ba sama ciki. Farfela uku suna ta juyawa a iska, fir, fir, suna watsa ruwa, ni kuma babban yatsana yana nan danne da sandar wuta, na manta da shi. Autana ya ja rigata ya ce, “Baba, haka ake yi?” Na ce masa eh. Yaro na tambayar ubansa a gaban jama'a, me za ka ce? Wutsiya ta fara yin ƙasa, kai ya ɗaga kaɗan, ɓul, ɓul, ɓul, sai ganyen bado ya dawo wurinsa.

Yara suka kaure da tafi. Wani ya ce a sake.

“Ya sha mai da yawa,” in ji Baba. “In ka ciro shi ka kwantar da shi gefe ɗaya ya tsiyaye.”

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba. Taku huɗu laka ta kama ni har gwiwa, na zaro ƙafa babu takalmi, na koma neman takalmi na zauna daɓas, shadda ta taso ta kewaye ni kamar lema. Ina jin yayan matata yana cewa, “Malam, ɗan juyo nan, rana ta haske fuskar.” Daga bakin gaɓa Baba yana ba da umarni in bi ta inda kumfa ta fito, in kuma riƙa lalube da ƙafa, ba da hannu ba, saboda matsattsaku. Matsattsakun ba su ji wannan bayani ba.

A ƙarshe wasu yara biyu masu iyo suka ce nawa zan bayar. Muka yi ciniki ina zaune cikin ruwa har ƙirji, wanda ba wurin neman ragi ba ne. Suka nutsa suka ɗago shi, laka na zuba ta ramukan igwa, dogon sandan tsakiya ya karye, wani ɗan kwaɗo zaune a inda kyaftin ke tsayawa. Saurayin sabis ya ce in tura shi cikin buhun shinkafa ya kwana uku. Jirgi mai santimita 125, a tsadar shinkafar nan.

Ƙaramin yaron ya sake nutsawa ya fito da wani abu a tafin hannu. Dora ce, bakunan igwarta biyu cike da taɓo. Kafin in miƙa hannu Baba ya karɓe. Ya juya ta sama da ƙasa, ya kanne ido ɗaya ya leƙa, ya goga a gefen rigarsa. Ya kafa baki ya hura, fuu, fuu, laka ta fantsamo mini a fuska.

“Ka gani ko? Duk ya toshe.” Ya danƙa mini a hannu. “Mayar ka tayar.”