Nasiha Ga Masu Duban Wata A Ƙofa

Ya kai ɗan'uwa mai burin a ce kai ne farkon wanda ya ga jinjirin watan azumi a Ƙofa, ka sani cewa nuna sama da yatsa kana cewa "ga shi can bisa kuka" ba ya cikin ilmin falaki, domin kukoki a ƙasar Kusada sun fi gaban ƙirge, kuma wanda ke tsaye bayanka wata kukar dabam yake kallo. Malaman fannin sun hutar da jama'a da lissafi biyu rak: irtifa'i, wato nisan abu daga mahaɗar sama da ƙasa, wanda ke cika daraja 90 a tsakar kanka; da kuma samti, wato kewayawa daga arewa ta hannun dama, gabas 90, kudu 180, yamma 270.

Da farko, tun ana saura kwana ɗaya, ka fita da dare ka nemi tauraron arewa, wanda a garinku bai ɗaga ba sai kimanin daraja 12 da rabi. Ma'auninka yana jikinka: idan ka miƙe hannu iyakar miƙewa ka dunƙule, faɗin dunƙulen daraja 10 ne, ƙaramin yatsa kuwa daraja 1. Sai dai ina yi maka wasiyya kada ka yi wannan awo surukinka na gabanka, domin shi bai karanta falaki ba, dambe zai zaci kana nema.

Na biyu, idan magariba ta gabato ka fuskanci mafaɗar rana, ka tuna alƙiblar Ƙofa tana wajen daraja 70, saboda haka duk wanda ya tsaya duban wata irin tsayuwarsa ta salla, to, ya ba wata baya. Jinjiri galibi ba ya wuce dunƙule ɗaya ko ɗaya da rabi, ga shi sama tana juyawa daraja 15 a kowace sa'a, don haka wanda ya tsaya gaida dattawan dandali ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar iyali da gajiya da labarin gona, kafin ya kai ga "madalla" wata ya faɗi.

Na uku, ka kiyayi ruɗu. Mai tsananin hasken nan ta yamma Zara ce, wadda ba ta nisantar rana fiye da daraja 47. Abin da ke ƙyaftawa ja yana tafiya kuwa jirgin sama ne, babu malamin da ya halatta ɗaukar azumi a kansa. Idan hazo ya rufe, shari'a ta sauƙaƙa, a cika talatin. Kada kuma ka kafa hujja da cewa Muhammadu al-Kashnawi, masanin hisabi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, Bakatsine ne irinka, domin ba a gadon ilmi ta hanyar maƙwabtaka.

Daga ƙarshe, tun da maganarka za ta bi ta mai unguwa da dagaci da hakimi da Sarkin Katsina har fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, ka riƙe lambobinka biyu da shaidu adilai kafin ka buɗe baki. In babu su, koma gida ka jira sanarwa, ya fi maka mutunci.