Idan Injin Jirginka Ya Yi Yaji, Ga Yadda Ake Biko

Ranar kasuwa ce a Yawuri. An loda buhunan albasa da kwandunan kifi, fasinjoji sun zauna. Ka ja igiya, Yamaha mai ƙarfin doki 40 ya tashi yana ƙugi lafiya lau. Kana murɗa totur sai ya yi tari sau biyu, ya yi tsit. Nan take wata tsohuwa za ta ce 'yan ruwa ne, wani dattijo ya ce baki ne. Malam mai jirgi, ƙyale 'yan ruwa su huta. Inji yaji ya yi, kuma mafi yawan yajin inji yunwa ke kawo shi. A sulo ɗan mai kaɗan yake kurɓa. Da ka ba shi wuta sai ya nemi babbar loma, idan bai samu ba ya tattara nasa ya nasa.

Biko daga tanki ake fara shi. A kan murfin tankin akwai ɗan ƙaramin noti na shigar iska. Idan a ɗaure yake, mai ba zai sauko ba, kamar ka toshe wa mutum hanci ka ce ya shanye kwaryar fura. Sassauta shi. Sau da yawa nan rigimar ke ƙarewa, ko sisi ba ka kashe ba.

Idan bai sauko ba, bi tiyo da hannunka. Matsa robar nan mai kama da ƙwai da ake tura mai da ita, sai ta yi tauri. Ka duba kibiyar da ke jikinta, inji ya kamata ta nuna. Idan ta ƙi tauri, ko ka ga danshin fetur a jikin tiyo, akwai tsaga, iska inji yake zuƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Canza tiyon, kada ka ɗaure shi da leda ka ce gobe.

Sai batun abincin kansa. Man da ka saya a jarka wurin ɗan bumburutu, tsiyaya kaɗan a kwalba ka ɗaga ta a rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa. Injinka a cikin ruwa yake wuni, amma a cikin abincinsa ba ya son ko ɗigo. Tace mai da ƙyalle mai tsabta, ka wanke filta. Wajen haɗi kuma kada ka auna baƙin mai da ido kamar mai zuba gishiri a miya. Galibin irin waɗannan injuna lita 1 suke so a fetur lita 50, wato rabin lita a tanki mai lita 25. Duba abin da aka rubuta wa naka. Idan baƙin mai ya yi yawa, hayaƙi zai turnuƙe fasinjoji, fulogi ya yi baƙi ya jiƙe. Idan ya yi kaɗan, inji ya ƙone, yaji ya koma saki uku.

Har yanzu yana fushi? To tambaye shi da cok. Yayin da ya fara shaƙewa, ja cok kaɗan. Idan ya farfaɗo, ya gaya maka da bakinsa mai ne ba ya isa, kuma galibi babban jet na kafireta ne ya toshe, ko robar famfon mai ta yage. Ramin jet bai kai ƙwayar gero ba, datti kaɗan ya ishe shi. A wanke shi, a hura masa iska, kada a soka masa allura ta buɗa ramin. Idan hannunka bai saba ba, kai wa makanike. Kuɗin shayinsa bai kai kuɗin sabuwar kafireta ba.

Kafin ka tafi, kashe inji ka ɗaga shi ka leƙa farfela. Tsohon taru da kainuwa suna naɗe ta har ta kasa juyi. Ka kuma lura da ɗan fitsarin da inji ke yi ta baya. Idan ya ɗauke, zafi ke cinsa, tsaya nan take.

Wani yajin kuwa gaskiyar inji ce: lodi ya fi ƙarfinsa. Nan raha ta ƙare. Mutanen Kebbi da Neja ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba, cike maƙil da mutane, aka yi asarar rayuka masu yawa. Jirgin da aka cika, idan injinsa ya mutu a tsakiyar kogin Kwara, igiyar ruwa ke zama direba.

Saboda haka ka yi bikonka tun a gaɓa. Bar inji ya ɗumama 'yan mintuna, ka gwada totur kafin kowa ya shiga. Ajiye fulogi sabo, sifana, filafili da rigar kariya ga kowane fasinja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kai ku gaɓa lafiya, da kai da albasa da tsohuwar nan.