Akushin da Ya Tashi Sama

Ɗan ƙanwata kafinta ne a Birnin Kebbi, kuma wajen gurza ƙafar gado da ta tebur a injin juya katako, ban ga wanda ya fi shi a unguwarsu ba. Rigima ta faro ne ranar da ya ga wani Bature a YouTube yana haɗa kwano da guntayen katako masu launi iri-iri. Ya iske ni da wayar yana rawar jiki: "Kawu, wannan ai akushi ne! Zan yi irinsa in kai Argungu lokacin bikin kamun kifi, baƙi su saya da dala."

Masassaƙinmu na gargajiya gungume ɗaya yake samu, ya sa gizago ya rarake shi har ya zama akushi ko turmi, shi ya sa turmin kirya kan kai jikoki. Aikin Baturen kuwa lissafi ne. Zobe-zobe ake haɗawa, kowane da guntu goma sha biyu, a yanka bakin kowane guntu a kan digiri 15, a liƙa da gam, a ɗora zoben kan ɗan'uwansa ana saɓa mahaɗa kamar ginin bulo, sannan a hau inji. Yanka 24 ke nan a zobe guda. In zarto ya kauce da rabin digiri kacal, kuskuren zai taru ya zama digiri 12. Yaron ya ce shi idonsa ma'auni ne. Zobensa na farko ya fito da giɓin da yatsa ke shiga.

Wannan yana da magani, ya kuma gano shi: a haɗa rabi-rabi, a goge bakunan a kan samfefa har su daidaita, sannan a liƙa. Ya haɗa jan maɗaci da farar malaina, abin gwanin sha'awa. Sai dai malainar ɗanya ce, kuma bai bar gam ɗin ya kwana ba.

Ranar gurza ya gayyace ni, ya ba ni kujera gaba-gaba. Ya tada inji da gudun da ya saba yi wa ƙafar tebur, ya manta akushi faɗi gare shi, bakinsa yana ninka gudun siririn katako sau da yawa. Ƙarfen gurza ya cije. Ji muka yi garam! Akushi ya daki kwanon rufi, ya fice ta ƙofa, ya tarwatsa gwangwanayen madarar mai shayin da ke maƙwabtaka, ya mirgina kwata. Ni dai an same ni ƙarƙashin benci ina salati, hulata a wani wuri.

Mai shayi ya leƙo ya ce, "Malam, in yaƙi ne a faɗa mana mu kwashe kaya."

Zobe biyu na sama suka tsage. Ya yanke su, ya liƙa sababbi, ya jira gam ya bushe, ya rage gudun inji. Aiki ya yi kyau har ya kai ga rarake ciki, inda ya yi ta cewa bari a ƙara kaɗan ya yi santsi, sai ga hasken rana ta gindin akushi. Ya gurza faifan baƙin katako ya toshe ramin, ya cike ƙananan tsagu da garin katako da gam. Gaskiya toshiyar nan ta fi ko'ina kyau, har ya fara cewa dama haka ya tsara.

A watan Maris na 2020 ya ɗauki kayansa sai Argungu. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattali. Amma jama'a kogin Matan Fada suka nufa, inda masunta ke faɗawa ruwa da gora da homa. Babu mai ta akushi. Zafin bazara kuma ya busar da malainar, ta tsuke, maɗaci ya ƙi bin ta, mahaɗa suka buɗe.

Wani tsohon masassaƙi da ya baje kolinsa kusa da yaron ya karɓi akushin, ya ɗaga sama, ya leƙa ta tsagun. "Yaro, wanga akushi na ko rariya?" Ya sayar da nasa na gungume ɗaya tas kafin la'asar.

Akushin yana ɗakin ƙanwata yanzu, ana zuba goro a ciki, don miya ba ta zama. Yaron kuwa ya sayi ma'aunin digiri, ya jera malaina tana bushewa, wai tulu zai haɗa. Wanda hanya ta bi da shi ta gaban shagon ya ji inji na kuka, ya tsallaka ɗaya gefen titi.