Yadda Na Biya Diyyar Motar Da Ban Saya Ba

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, Allah ya yi musu rahama, ba su bar wata kafa ta zamba a babin ciniki ba face sun toshe ta, domin duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, ya san an hana garari da algus da ɓoye aibin haja, wanda kuwa ya kai ga Muwaɗɗa ya ji hanin najashi, ya ji kuma hukuncin mai ƙin tatsar tunkiya kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci albarkar nono ce. Da wannan guzuri na ilmi, tare da ɗan abin da gwamnati ta sallame ni da shi bayan na ajiye alli, na ƙudura niyyar mallakar mota, a zamanin da acaɓa ke tashe a Kano, saboda uwargida ta rantse ba za ta sake zuwa biki a bayan babur ba.

Raina bai kwanta da kowace mota ba sai Peugeot 504, wadda mu muke kira Fijo, kuma ina da hujja. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai a 1969, daga 1975 kuma aka shiga harhaɗa ta a Kaduna, har ta zama abin hawan manyan ma'aikata da direbobin tasha baki ɗaya. Ga ta da juriyar gargada, ga kayan gyaranta jibge a Ƙofar Ruwa, babu kuma garin da za ta mace maka a rasa bakaniken da ya san cikinta.

Kafin in tafi na nemi fatawar maƙwabcina, wani tsohon direba da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Legas, shi kuwa ya yi mini wasiyya dalla-dalla, ina rubutawa a littafi. Ya ce in yi sammako in iske injin da sanyinsa, don inji mai ɗumi yakan ɓoye wuyar tashi. In riƙi maganaɗisu in bi jikinta da shi, don ba ya kama wurin da aka cike lotsawa aka shafe da fenti. In zaro sandar baƙin mai in ga kaurinsa, in buɗe murfinsa in duba ko akwai farar kumfa, alamar ruwa ya gauraya da mai. In tsaya bayan salansa in karanci hayaƙi, shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai, fari mai ɗorewa na nufin ruwa na shiga inji, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. In leƙa ƙarƙashinta saboda tsatsa. In gwada lambar inji da ta takarda. In kuma tafi da bakanikena. Bakanikena ya tafi ƙauye ta'aziyya, saboda haka na ɓalle maganaɗisu daga tsohuwar rediyona, na saka farar babbar rigata don dillalai su san ba da ƙaramin mutum suke magana ba, a bakin filin sayar da motocin kuma Allah ya haɗa ni da wani saurayi mai riƙe da sifana, wanda ya yarda ya raka ni a matsayin bakanike a kan ɗan abin goro.

Na iske ta a can ƙarshen fili, fara sol, tana ƙyalli, an ajiye ta a kan tudu hancinta na kallon gangare, abin da na ɗauka a lokacin tsari ne na ado. Da na ɗora tafin hannuna a kan bonet sai na janye shi ba shiri, domin da an fasa ƙwai a wurin da ya soyu.

Na ce, "Malam dillali, yaya na ji ta da zafi?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, rana ce."

Na ɗaga kai na dubi gabas, inda ko jan alfijir bai gama washewa ba, shi kuwa, ba tare da ko gezau ba, ya ce ta jiya yake nufi, wai ƙarfen da ake yi a da yakan riƙe zafi har ya kwana. Daga nan ya shiga manaƙibanta: irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, wanda gaskiya ne, ko da yake ba wannan ce ta je ba, mai ita wani alhaji ne da ba ya hawanta sai Juma'a da Idi, ga agogon tafiya nan shaida, bai kai kilomita 40,000 ba. Na sunkuya na dubi abin taka kuloci da na birki, na ga robarsu ta cinye har ƙarfen ya yi santsi, na tuna kuma agogon tsofaffin motoci gida 5 gare shi, in ya cika 99,999 sai ya koma sifiri ya sake sabon lale, sai na ce lalle masallacin Juma'ar alhajin nan a Maiduguri yake.

Na fito da maganaɗisu na ɗora a ƙofar gaba, ya faɗi. Na ɗora a ta baya, ya faɗi. Na zagaya ta kaf ina ɗorawa ina tsincewa, bai sami wurin zama ba sai a kan ƙarfen taya, sai kuma a kan tarin makullan dillali, wanda ya yanke hukunci nan take cewa maganaɗisun zamani duk jabu ne. Baƙin mai ya ƙi ɗiga daga sandarsa saboda kauri, bakanike ya shinshina ya ce lafiya lau, alhali na sami labari daga baya cewa man giya ake ɗurawa don ya danne ƙarar inji mai ciwo. Amma inda ilmina ya tsaya cik shi ne wajen hayaƙi, domin maƙwabcina ya ba ni hukunci uku a kan launi uku, bai kuwa faɗa mini abin da za a ce ba idan mota ta fara da baƙi, ta bi da shuɗi, ta rufe da fari, duk a numfashi guda, mas'alar da ke bukatar mujtahidi, ni kuwa muƙallidi ne.

Sai babin ƙarƙashi. Na naɗe hannayen riga, na yi bisimilla, na kwanta rigingine na ja jiki, ɗigon mai na sauka a kan hulata ɗaya bayan ɗaya. Na ga salansa an ɗaure shi da waya, na ga wani wuri a daɓen motar ya yi ja ya kumbura, na sa ɗan makulli na taɓa shi taɓawar ladabi, sai ga ɓarɓashin tsatsa a idona da bakina, makulli ya wuce, yatsa ya bi shi, hannu ya bi yatsa, har tabarmar roba ta ɗaga, muka yi ido huɗu da dillali yana zaune a kujerar direba.

Ya leƙo ta ramin ya ce, "Sannu da aiki, Malam."

Ko da na fito jama'a sun taru, cikinsu har da wani mai malum-malum da ya ratso yana haki, ya taya ta da kuɗin da ya ɗara nawa, dillali ya ce albarka, wai ya riga ya yi wa Malam alkawari. Na gane najashi da ganinsa, na yi murmushin wanda karatunsa ya yi rana, na ce a kawo makulli in gwada ta a hanya. Da yake an kashe ta, ta kuma ƙi tashi, sai hikimar tudu ta bayyana: yara suka dafa ta kaɗan, gangare ya karɓe ta, na saki kuloci a giya ta biyu, ta yi tari ta kama. Ba mu yi nisa ba na ji sitiyari na fizga ta hagu, dillali ya ce sabo ne, tun lokacin da ake tuƙi a wancan hannun; na ce masa an sauya hannu a watan Afrilu na 1972, shekara 3 kafin Kaduna ta harhaɗa ko da guda, ya ce to gado ne. Ina cikin shirya masa raddi sai ga mai tallan tumatir a gabanmu, na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa ba ta gamu da kowa ba.

Dillali ya ce, "Maimaita, Malam, maimaita! Birkinta ba ya son gaggawa."

Na yi ta maimaitawa ina salati, na cafki giya don in rage gudu, kan giyar ya taho a hannuna, salansa ya yi sallama da mu a tsakiyar titi, farantin tumatir ya tashi sama, mu kuwa ba mu tsaya ba sai da tulin yashin masu buga bulo ya rungume mu. Alhamdu lillahi babu wanda ya yi ko ƙwarzane, sai dai marfin ƙofar ya ƙi buɗuwa, da na matsa masa kuma mariƙinsa ya bi sawun kan giya.

Aka ɗunguma zuwa rumfar shugaban dillalai, wani dattijo mai furfura da carbi, aka jera a gabansa salansa da kan giya da mariƙin ƙofa, mai tumatir na tsaye da farantinta. Na gyara murya na kawo hujjoji, na ambaci haramcin ɓoye aibi, na ambaci zaɓin da shari'a ta ba wanda ya sami aibi a haja, ko ya riƙe ko ya mayar. Dattijo ya saurara har na dasa aya, sa'an nan ya tambaye ni cikin taushin murya, "Malam, ka saya ne?" Na ce a'a. Ya ce to wannan zaɓi haƙƙin mai saye ne, wanda bai saya ba kuwa ya ɓata dukiyar mutane, babinsa daban ne, sunansa lamuni. Ashe shi ma ya yi zaman zaure, har ya fi ni daɗewa. Na ce a tambayi bakanikena ko salansan nan lafiyayye ne, saurayi ya matso ya ce shi shaida ne lafiyarsa ƙalau, domin da hannunsa ya ɗaure shi jiya da la'asar.

Haka na biya kuɗin walda, da na mariƙi, da na tumatir har da wanda ya ruɓe tun shekaranjiya, da ladan yaran da suka turo ta, bakanike ma bai yafe goronsa ba. Ina shirin tafiya na tuna saura babi guda a littafina, na roƙi a nuna mini takardu, na gwada lambar da ke jikin inji da wadda ke rubuce, na iske ko harafi ɗaya ba su yi tarayya ba, aikin da bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Na koma gida a bayan acaɓa, riga ta rine, hula ta jiƙe da mai, uwargida ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, motar ce ka sayo, ko kuwa ita ce ta saye ka?" Ita kuwa Fijo, don a yi mata adalci, bayan 'yan watanni na hange ta a hanyar Zariya maƙare da fasinja da buhunan albasa, tana tafe tana hayaƙinta kala uku, ba ta ko waiwaye ni ba.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai niyyar sayen tsohuwar mota, araha ba ta ado, cinikin biri a sama kuma ba naka ba ne. Ka fara da takardu tun kafin ka cire hula. Ka zo da bakaniken da ka san gidan ubansa, ko da za ka jira shi ya dawo daga ta'aziyya. Ka sa a sauko da ita daga tudu ta kwana a gabanka. Ka bar mai ita ya fara tuƙawa ya taka birki kana kallo. Kafin kuma ka taɓa ko da madubi, ku yi sharaɗi gaban shaidu cewa abin da ya ɓalle garin dubawa ba ya wuyanka.