Yadda Ake Kwana a Hanya Idan Babur Ya Fara Tari

Duk wanda ya hau Boxer ko Jincheng daga Kano ya nufi Azare, ya haye gadar Wudil lafiya, sannan kafin Shuwarin inji ya fara tari, yana fizga yana saki, salansa na harbi, to ya samu damar da ba kowa ke samu ba, wato damar kwana a bakin titi. Sai dai dama ce mai saurin kuɓucewa, domin injin babur ba shi da wani sirri. Abu uku yake nema: fetur, iska, da wutar da fulogi ke ƙyastawa. Yawancin tarin hanya daga ɗayansu yake fitowa, gyaransa kuma ba ya cin rabin awa. Ke nan mai son kwana sai ya yi da gaske wajen kauce wa waɗannan ukun, tun da ko da kuskure ya taɓa ɗaya, babur na iya tashi ya ɓata masa shiri.

Da farko, kada ka saurari injin. Inji mai surutu ne, yana faɗin ciwonsa ga mai kunne. Idan yana tafiya lafiya a hankali amma ya shaƙe da zarar an murɗa totur, yawanci mai ne ba ya isa. Idan sai ya yi zafi yake tsinkewa, ya huta ya sake tashi, a zargi kwayil ko murfin tanki. Idan kuwa bayan ruwan sama ne ko bayan an ratsa kududdufi, hular fulogi ce ta jiƙe. Wannan duk bayani ne mai haɗari ga burinka. Kai dai ka ƙara murɗa totur, ka yi ta tsaki, har sai ya mutu da kansa a inda babu inuwa.

Babban abokin gabarka shi ne fulogi, don ba ya iya riƙe amana. Da sifana ɗaya ake kwance shi, bakinsa kuma ya tona komai. In ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya fito fari fat, injin na fama da yunwar mai. In ya yi jiƙe-jiƙe da baƙin mai, lamarin ya shiga ciki. Mai lafiya kuwa launin shayi da madara yake. Akwai ma masu mayar da shi cikin hularsa, su jingina shi a jikin inji, su buga kiki, su ga ko shuɗiyar wuta za ta tsallaka ɗan gibin nan da bai kai milimita ɗaya ba. Mutumin da ya yi haka ya kankare kunkunniya ko ya sa sabo, ya yi gaba, ya sha shayinsa a Azare kafin la'asar, ba wanda ya san ya sha wahala. Kai kuwa ka tsaya nesa kaɗan, ka riƙe ƙugu, ka girgiza kai, ka ce da ƙarfi, “Inji ya buga.” Nan da nan jama'a za su taru. Mai rake zai ce ringi ne, wani dattijo a kan keke zai ce ai baburan yanzu ba su da ƙwari, wani yaro kuma zai ce, “Malam, ka duba fulogi?” Yaron nan ka kore shi.

Sai maganar mai, inda ake buƙatar taka-tsantsan na musamman. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu babur da yawa ba sa cika tanki. Lita ɗaya ko biyu ce, wani lokaci daga gorar 'yan bumburutu, sauran tafiyar kuma a kan rizab. To ruwa ya fi fetur nauyi, shi da tsatsa da ƙura a gindin tanki suke kwanciya, rizab kuma daga gindin yake zuƙa. A ƙasan kafireta akwai wani ɗan ƙaramin noti. In an sassauta shi aka tari abin da ya zubo a farar gora, sai a ga ruwan ya dunƙule a ƙasa, fetur na bisa. Aikin minti biyar ne. Murfin tanki ma yana da ɗan ramin shan iska, wanda in ya toshe mai ya daina sauka, buɗe murfin kawai yana warkar da shi. Bar duk wannan. Jira har magariba ta kawo jiki, sannan ka wargaza kafireta gaba ɗaya a kan yashi, ba tare da shimfiɗa ko tsumma ba. Ƙaramin jet ɗin zai faɗi, kuma yashin Jigawa ba ya mayar da abin da ya karɓa. Soson tace iska kuwa, wanda ƙurar hunturu ta mayar tubali, ka ɗauka ba ka san da zamansa ba.

Wani zai ce ai ba kullum ne matsalar take ƙarama ba, akwai ranar da kwayil ke ƙonewa da gaske, ko bawul ya ƙi zama. Haka ne. Amma wanda ya fara da abubuwa masu arha yana gane haka da wuri: ya ga mai na sauka, iska na shiga, sabon fulogi bai ba da wuta ba, sai ya tura babur zuwa bakanike na gari na gaba tun rana na tsaka. Shi ma ya rasa kwanan. Don haka ko babbar matsala ba ta kwantar da mutum a daji sai ya taimaka mata. Wani kuma zai ce ya fi sauƙi a ɗora laifin a kan maƙiya, ko bakin maƙwabcin da ya yaba babur ɗin da safe. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, ban kuma raina shi ba, don maƙiya suna da fa'idar da fulogi ba shi da ita: ba a kwance su a duba.

Ƙorafi ɗaya ne ba ni da amsarsa, wato cewa bakin titi da dare ba wurin kwanan mai hankali ba ne a zamanin nan. Saboda haka, Malam, in ana jiranka da tuwo a Azare, ka jefa sabon fulogi, sifanarsa, sukudireba da farar gora a jaka tun daga Kano, kuma in yaron nan ya yi magana ka saurare shi.