Ku Yi Ta Dariya, Ni Dai Ina Kan Besfata

Tun ranar da na yi suɓul da baka na faɗa a wannan fili cewa har yanzu Besfa nake hawa, ban sake shan ruwa da daɗi ba. Wani ya aiko yana tambaya ko ita ce ta kai kakana elementare. Wata baiwar Allah ta ce in miƙa ta Gidan Makama a jingine ta kusa da sulke da kwalkwali. Wanda ya fi sosa mini rai shi ne mai tuna mini cewa 'yan gwangwan suna biya da kyau a kan kilo. Na gode, Allah ya bar zumunci. Yau sai ku gyara zama.

Mahaifina ne ya saye ta a 1975 da kuɗin Udoji, shekarar da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi haɗe da ariyas, malaman makaranta da akawuna suka cika kantuna suna cinikin babur da rediyo. 'Yar Italiya ce, daga kamfanin Piaggio da ya fara ƙera irinta a 1946. Sunanta da harshensu na nufin zanzaro, kuma duk wanda ya dubi ƙugunta ba zai yi musu ba. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ya tsani babur saboda yadda yake ɓata tufafi. Sai ya rufe injin ruf, ya raba ta da sarƙa, ya shimfiɗa wa ƙafa wurin zama. Kai ka ce da babbar riga a gabansa ya yi zanen. To, Malam mai babur ɗan yayi, tsakaninka da Allah, shadda nawa sarƙa ta tauna maka a hanyar ɗaurin aure?

Na san inda za ku ɓullo: kayan gyara. Nan kam kun taɓa mini gyambo. Kafin a saki naira a Yunin 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Fistin da rin da wayar kulochi duk daga waje suke zuwa, galibi daga Indiya, inda a da Bajaj da LML suka daɗe suna ƙera 'yan uwanta. Yanzu in na je Ƙofar Ruwa na tambayi farashi, sai mai shago ya fara latsa waya ya duba dala kafin ya dube ni. Amma ku dakata da tafi. Naku kayan a Dawanau ake noma su? Jirgin da ya ɗauko nawa shi ya ɗauko naku. Bambancin kawai, tawa ƙarfe ce tun daga goshi har wutsiya, in ta lotsa a buga ta miƙe. Taku kuwa akuya ta goga jiki, sai a tafi neman sabuwar roba.

Mu masu tsofaffi mun koyi zama da tsada. In muka ji labarin wata Besfa ta mutu a zauren wani, kaza na ƙwai a kanta, sai mu yi sammako mu riga 'yan jari bola. Gawa ɗaya takan raya uku: wannan ya ɗauki fitila, wancan ya cire giya, ni in tsira da murfin gefe. Da tsohuwar zuma ake magani, ko kun manta?

Abin da ke hana ni barci ba shi da farashi a kasuwa. Bakanikena, wanda muke kira Baba, ya haura saba'in. In na kai ta, ba ya taɓa sifana sai ya ce, "Ɗana, tayar da ita in ji." Ya karkata kai, ya lumshe ido, can ya ce kafireta ce. Ya kwance ta a kan tsumma, ya jera ƙananan kusoshi a murfin gwangwanin madara, ya ɗaga ɗan bututun mai sama ya leƙa rana ta cikinsa, ya hure shi da baki. In gasket ya ƙare, ya shafa baƙin mai a bakin ƙarfen, ya danna a kwali, ya bi sawun da almakashi. Yaransa duk sun koma gyaran Adaidaita Sahu, kuma ban ga laifinsu ba, can abincin yake. Fistin ko ya kai nawa, ana iya tara kuɗi a saya. Kunnen Baba fa, a wane shago za a samo shi?

Ba na ce ba ta da hali ba. Duk litar fetur sai na auna mata ɗan baƙin mai na gauraya, kamar mai haɗa wa jariri koko. Tana hayaƙi, maƙwabta sun shaida. Wata safiyar takan yi yaji, sai na kwantar da ita gefe na lallashe ta kafin ta amsa kik. Ranar da ta mutu mini a tsakiyar danja, wani yaro ya leƙo daga mota ya ce, "Baba, a kawo likkafani?" Na haɗiye, na tura ta gefe, na goge fulogi, muka kama hanya.

Abin mamaki, mai maganar 'yan gwangwan ɗin nan shi ne ya sake aiko da saƙo makon jiya. Wai ƙaninsa zai yi aure, amarya ta ga hoton iyayenta a kan Besfa, ta ce ita ma sai an ɗauke su a kan irinta. Ko zan taimaka da aron yini ɗaya?

Zan taimaka mana, ai ba a hana alheri. Sharaɗi biyu ne. Ango ya zo da litar fetur da baƙin mansa. Kai kuma, ranka ya daɗe, ka turo mini ɗanka ɗaya ya riƙa zama wurin Baba ranar Asabar, yana miƙa masa sifana.